Shin Karl Na Nufin Sarki Ne?

A watan Satumba na 2022, da Sarauniya Elizabeth ta rasu ɗanta Charles ya gaje ta, gardama ta kaure a majalisarmu ta bayan la'asar a kan sunan sabon sarkin. Wani abokina da ya yi karatu a Turkiyya ya ce ai sunan ma kansa sarki yake nufi. Hujjarsa ita ce Turkawa kral suke ce wa sarki, Jamusawa kuwa, da ake cewa su ne masu sunan, Karl suke furta shi. Kral da Karl, haruffa biyu ne kawai suka yi musayar wuri. Na kusa da shi ya ce a'a, sunan Kiristanci ne daga Baibul. Na uku ya ce sunan Turawan Ingila ne, Jamusawa aro suka yi suka karkata shi da harshensu. Kowannensu ya kama wutsiyar wani abu, amma tun ranar na ƙudurta in bi sawun wannan suna, domin tarihinsa ya fi duk abin da muka faɗa daɗin ji.

Maganar abokina ce ta fi kama da gaskiya, don haka ita ta fi yaudarar mutane. A tsohon Jamusanci, na shekaru dubu da ɗoriya da suka wuce, kalmar karl ba ta da alaƙa da gadon sarauta ko kaɗan. Namiji take nufi, ko mijin aure, sannan mutumin da ba bawa ba ne amma kuma ba basarake ba ne. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin muna da irin wannan kalma. Idan aka ce wane ɗa ne, a tsohon zance ba haihuwa kaɗai ake nufi ba, ana nufin ba bawa ba ne, kuma daga wannan tushen 'yanci ya fito. To karl shi ne ɗa a wannan ma'anar: magidanci mai gona da shanu, mai ikon kansa, wanda ba a buga masa tambari.

'Yan'uwan kalmar a harsunan makwabta sun tabbatar da haka. Mutanen arewacin Turai na da wata tsohuwar waƙa, Rigsthula, wadda ta kasa 'yan Adam gida uku: zuriyar bawa, zuriyar Karl manomi, da zuriyar Jarl basarake. Karl yana tsakiya, yana noma yana sassaƙa. A tsohon Ingilishi ceorl shi ne mafi ƙasƙancin 'ya'ya, matakala ɗaya sama da bawa, kuma da zamani ya yi nisa kalmar ta ƙara faɗuwa har ta koma churl, wato bagidaje maras ladabi. A Jamusancin yau akwai Kerl, wadda ake faɗa wa kowane namiji a hirar kan titi, kamar yadda za mu ce wani taliki. Bajamushe yakan kira wani Kerl yana yabonsa, yakan kuma kira shi haka yana tsaki. Wasu tsirarun masana sunaye suna ganin Karl gajarcewa ce ta sunayen da ke farawa da tsohuwar kalmar rundunar yaƙi, amma ko a wannan ra'ayin babu sarki a ciki.

To daga ina Turkawa suka samo kral? A nan abokina ya ɗauki jika ya mayar da shi kaka. Ba daga kalmar sarki aka samo sunan ba, daga sunan aka samo kalmar sarki. Mutum guda ne ya jawo haka: Karl ɗan Pippin, wanda ya hau sarautar mutanen Franka a 768, ya ci Lombardawan Italiya a 774, ya shafe sama da shekara talatin yana yaƙi da Saksonawa, ya wargaza daular Awar a gabar kogin Danub, sannan Fafaroma Leo na Uku ya ɗora masa kambin sarkin sarakuna a Roma ranar 25 ga Disamba na shekara ta 800. Shi ne Jamusawa ke kira Karl Mai Girma, Faransawa su ce Charlemagne, littattafan Larabci na zamani su rubuta Sharlaman. Al'ummomin Silab da ke gabas da daularsa sun ji sunansa, sun ga dakarunsa, har sunan ya zame musu laƙabin duk wani babban mai mulki. Yau a Poland król ake cewa, a ƙasar Cek král, a Sabiya da Kuroshiya kralj, a Rasha korol. Mutanen Hungari suka karɓa suka ce király, na Lituwaniya karalius. Turkawan Usmaniyya sun ɗauko tasu daga bakin mutanen Balkan, kuma sarakunan Kiristocin Turai suke kira da ita, ba sultaninsu ba. Wannan shi ne bayanin da mafi yawan masana harshe suka yarda da shi.

Wanda ya karanta sira ba zai ga abin a baƙo ba. Mun san Ƙaisar sarkin Rum, wanda wasiƙar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta je wa. Sunansa na yanka Hiraƙal, Ƙaisar kuwa sarauta ce. Amma asalinta sunan gidan wani mutum ne, Yuliyas Kaisar, wanda ya rasu ƙarni shida da wani abu kafin zuwan wasiƙar. Daga sunansa Jamusawa suka sami Kaiser, Rashawa suka sami Tsar. Abin da ya faru da Kaisar shi ya faru da Karl. Bambancin da ke burge ni shi ne, a nan kalmar talaka ce ta hau can sama. Abin da Ingilishi ya mayar da shi zagin bagidaje, shi ne wasu al'ummomi ke durƙusa wa.

Batun Baibul kuwa gajere ne. Babu Karl a cikinsa. Jamusawa suna da sunaye iri biyu: waɗanda addini ya kawo musu, irin su Johannes da ake gajarcewa Hans, wato Yahaya, da Josef da Jakob da Peter, da kuma na gargajiya irin su Heinrich da Friedrich da Otto da Konrad da Karl. Kamar dai yadda muke da Musa da Haruna a gefe guda, Tanko da Dogo da Barau a ɗaya gefen. Mutanen Franka sun shiga Kiristanci wajen shekara ta 500, kalmar karl kuwa ta girmi wannan lokaci.

Abin da ke sa a ɗauka na addini ne shi ne rigar waliyyai da aka sa masa daga baya. A 1165 Sarki Friedrich Barbarossa ya sa aka ayyana Karl Mai Girma a matsayin waliyyi, amma wanda ya yi ayyanawar, Paskal na Uku, fafaroman hamayya ne da sarkin ke goya wa baya, kuma cocin Roma ba ta taɓa karɓar abin a hukumance ba. Ta dai ƙyale mutanen birnin Aachen, inda kabarinsa yake, suna bikinsa duk ƙarshen Janairu, domin ranar 28 ga Janairu na 814 ya rasu. Ni dai walittakar nan ba ta kwanta mini ba. Wannan mutum ne da dokarsa ta yanke hukuncin kisa ga duk Basaksonen da ya ƙi baftisma, kuma kundin tarihin fadarsa da kansa ya rubuta cewa an kashe Saksonawa 4,500 a Verden a 782. Har babban malamin fadarsa, Alcuin, sai da ya yi gargaɗi a wasiƙunsa cewa imani ba ya shiga zuciya da tilas. Waliyyin da ya sa sunan ya bazu a gidajen Katolika wani ne daban, kuma Ba'italiye ne: Carlo Borromeo, babban limamin Milan, wanda ya tsaya wa jama'arsa lokacin annobar 1576, aka ayyana shi waliyyi a 1610. Shahararriyar cocin Karlskirche ta birnin Viyana, wadda Sarki Karl na Shida ya yi bakancen ginawa lokacin annobar 1713, da sunan Borromeo aka keɓe ta, ko da yake sarkin ya san sarai takwaransa ne.

Akwai masu cewa Karl Mai Girma shi ne farkon mai sunan. Shi ma gado ya yi, daga kakansa Karl Martell, wanda ya rasu a 741. Kakan nan bai taɓa zama sarki ba. Wazirin fada ne da ya riƙe mulki a hannunsa, sarakunan gidan Merowinj suna zaune kamar hoto. Kafin shi ba a san sunan a zuriyarsu ba, Pippin da Grimoald da Drogo suke raɗawa. Martell ɗin, wato guduma, laƙabi ne da marubutan baya suka ba shi. Ko a Ingila malamin tarihi Bede ya ambaci wani sarkin Mercia mai suna Cearl wanda ya rayu kusan ƙarni guda kafin haka.

Wannan kakan shi ne wanda masu karanta tarihin Andalus suka sani. Shi ya kara da rundunar Abdurrahman al-Gafiƙi a 732 tsakanin Tours da Poitiers, yaƙin da Larabawa ke kira Balaɗus Shuhada, inda al-Gafiƙi ya kwanta dama. Daga nan ne wasu, a Turai da ma a cikinmu, suke kallon sunan Karl kamar tutar gaba da Musulmi. Tarihin bai miƙe haka ba. Birnin Narbonne, a kudancin Faransa ta yau, ya ci gaba da zama a hannun Musulmi har 759, Garnaɗa kuwa sai 1492 ta faɗi. Jikan Martell ɗin ma, Karl Mai Girma, lokacin da ya kai yaƙi Andalus a 778, gayyatarsa aka yi: gwamnan Barcelona, Sulaiman al-A'arabi, shi ya taka har Paderborn a 777 yana neman taimako a kan sarkin Ƙurɗuba. Daga baya manzanni suka riƙa kai da kawowa tsakanin Aachen da Bagadaza. Halifa Haruna Rashid ya aika wa Karl da giwa mai suna Abul Abbas, wadda wani Bayahude, Ishaƙu, ya rako har ta iso Aachen a watan Yuli na 802. Ta rayu shekara takwas a cikin sanyin Turai, ta mutu a 810 yayin da sarkin ya fita yaƙi da mutanen Denmak. A 807 kuma aka kawo masa agogon ruwa na tagulla. Kundin tarihin Franka ne ya adana wannan labari, marubutan Larabci na zamanin ba su ambace shi ba, wanda hakan kaɗai ya nuna yadda Bagadaza ke kallon Aachen a lokacin.

Saura maganar abokinmu na uku, cewa Charles ne asali. Nan ma an juya zance. Marubutan fada da Latin suke aiki, sai suka rubuta sunan Karolus ko Carolus. A bakin mutanen arewacin Faransa kuwa, sautin ka na Latin yakan rikiɗe ya koma ca, daga baya sha. Haka caballus, doki, ya zama cheval, haka cantare, yin waƙa, ya zama chanter, haka Carolus ya zama Charles. Harshe kan yi haka ba da shawarar kowa ba. Mu ma mota muke cewa, jam'inta motoci, sata ta koma sace. Ingila daga Faransa ta samu, kuma a makare. Sai a zamanin gidan Stuart sunan ya kafu: Sarauniya Mary ta Sikotilan ta raɗa wa ɗanta Charles James a 1566 saboda ubangidan baftismarsa, Charles na Tara na Faransa, Charles James ɗin kuma ya raɗa wa nasa ɗan Charles, wanda aka fille wa kai a 1649. Jihohin Carolina biyu na Amurka sunansa suke ɗauke da shi. Carlos na Sifaniyawa, Carlo na Italiyawa, Karol na Poland, da na mata irin su Karla da Karoline da Charlotte, duk tsatso ɗaya ne, kamar Abubakar da Bukar da Habu da Garba.

Shi kansa Karl Mai Girma ba Bajamushe ba ne ba kuma Bafaranshe ba, domin ƙasashen biyu ba su wanzu ba tukuna. Sai a 843, a yarjejeniyar Verdun, jikokinsa suka raba daular uku. Harshen uwarsa wani kari ne na Franka, ɗan'uwan Jamusanci, kuma tambarin da ake sa wa takardunsa da K yake farawa: haruffan K, R, L da S a kan gicciye, wasula a dunƙule a tsakiya. Magatakarda ne ke zana shi, sarki ya ƙara ɗan layi ɗaya da hannunsa. Einhard, wanda ya zauna a fadarsa ya kuma rubuta tarihinsa, ya ba da labarin cewa yakan ajiye allo a ƙarƙashin matashin kansa don ya koyi rubutu idan barci ya ƙi zuwa, amma da yake ya fara da tsufa hannun bai faɗa ba.

Duk da haka, abokinmu na uku yana da rabin gaskiyar da shi kansa bai sani ba, kuma nan ne na fi yin mamaki. Mutum zai zaci tun daga 814 Jamusawa suka riƙa raɗa wa 'ya'yansu Karl ba ƙaƙƙautawa. Ba haka aka yi ba. Bayan Karl na Uku, wanda ya rasu a 888, ƙasar Jamus ba ta sake yin sarki mai wannan suna ba sai a 1346, shekara 458 ke nan. A tsakani Otto da Heinrich da Konrad da Friedrich ne ke mulki, talakawa ma su suke bi. Shi ya sa har gobe idan Bajamushe zai ce kowa da kowa, ko wane da wane, sai ya ce Hinz da Kunz, gajarcewar Heinrich da Konrad. Sarakuna wajen talatin aka naɗa a cocin Aachen tsakanin 936 da 1531, aka zaunar da su a kan karagar farin dutse da ake danganta wa Karl Mai Girma, amma biyu kacal a cikinsu ne takwarorinsa.

Su biyun ma ta hanyar Faransa suka sami sunan. Karl na Huɗu, haifaffen Prag a 1316, sunansa na yanka Wenzel. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi riƙo fadar Paris, a can ya ɗauki sunan mijin gwaggonsa, Charles na Huɗu na Faransa. Karl na Huɗun ne ya kafa jami'ar Prag a 1348, kuma shahararriyar gadar birnin da garin wanka na Karlsbad duk sunansa suke amsawa. Karl na Biyar, wanda Martin Luther ya tsaya a gabansa a Worms a 1521, an haife shi a Ghent a 1500, da Faransanci ya buɗe baki, kuma sunan kakan mahaifinsa na wajen uwa aka mayar masa, Charles na Burgundi. Sunan ya fita daga gida, ya yi ƙarnoni a hannun maƙwabta, sannan ya dawo. Yaɗuwarsa sosai a tsakanin talakawan Jamus sai daga ƙarni na 18. A 1715 wani basarake, Karl Wilhelm na Baden-Durlach, ya kafa birni ya sa masa Karlsruhe, wato hutun Karl. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 ya shiga sahun sunayen da aka fi raɗa wa maza a ƙasar.

Mutanen Suwidin sun yi wani abu da sunan da bai kamata in tsallake ba. Sarkinsu na yanzu Carl na Sha Shida ake ce masa, alhali shi ne na goma a cikin waɗanda tarihi ya tabbatar. Wani babban limami, Johannes Magnus, ya rubuta tarihin sarakunan ƙasar, aka buga a 1554, ya cika shi da sarakunan da ba a taɓa yi ba, ciki har da Karl guda shida. Sarkin da ya hau a 1604 ya dogara da littafin ya kira kansa Karl na Tara, lissafin ya ɗore a haka har yau.

Sai gardamar harafi. Ana yawan cewa Karl da K shi ne na Jamus, Carl da C na Ingila da Amurka ne. Dukansu na Jamus ne. C ɗin gadon rubutun Latin ne, kuma masu ilimi da attajirai sun daɗe suna son sa: Carl Friedrich Gauss masanin lissafi, Carl Maria von Weber mawaƙi, Carl Zeiss mai gilashin hangen ƙananan abubuwa. Karl Marx, da duniya ta sani da K, takardar haihuwarsa ta birnin Trier a 1818 da C ta rubuta shi. Benz kuwa, wanda ya yi rajistar motarsa ta farko ranar 29 ga Janairu na 1886, da K aka rubuta shi a littafin haihuwa, daga baya shi ya riƙa sa hannu da C. Taron daidaita rubutu da aka yi a Berlin a 1901 ya mayar da C zuwa K a kalmomi da dama, amma bai tilasta wa kowa sauya sunansa ba. Mun san irin wannan a gida, tsakanin Muhammad da Mohammed da Muhammadu, mutum ɗaya sai ka ga kowace takardarsa da nata rubutun.

A tsakiyar ƙarni na 20 yayin haɗa suna biyu ya shigo, aka sami su Karl-Heinz, irin Rummenigge na Bayern Munich wanda aka haifa a 1955. Daga nan sunan ya fara jin tsufa, har ya zama idan ka ji Karl sai ka zaci kakan wani ne. Gwamnatin Jamus ta Gabas ta mayar da birnin Chemnitz Karl-Marx-Stadt a 1953, mazauna birnin suka kaɗa ƙuri'a suka dawo da tsohon sunansu a 1990, amma suka bar ƙaton kan Marx na tagulla a tsakiyar gari. Wasu na cewa siyasar Marx ce ta kashe sunan kamar yadda Hitila ya kashe Adolf. Wannan ma bai tsaya ba. Adolf ya faɗi bai tashi ba, Karl kuwa yayi ne kawai ya wuce shi, a Gabas da Yamma baki ɗaya. Tun 1950 birnin Aachen ke ba da lambar yabo mai sunan Karl ga waɗanda suka yi wa haɗin kan Turai hidima, babu wanda ya ji kunyar karɓa saboda sunan.

Tun farkon wannan ƙarni kuma ya dawo, tare da sauran sunayen kakanni irin su Emil da Anton da Oskar da Paul. A wurinmu yaron da aka mayar wa sunan kakansa sai a sakaya, a ce Abba ko Baffa, don uwa da uba ba za su iya ambatar sunan ba. Bajamushe ba shi da wannan alkunya. Uwa za ta tsaya a filin wasan yara ta ƙwala kiran sunan surukinta da ƙarfi, idan kuma tana lallashi ta ce Kalle, ko Karlchen, ɗan ƙaramin Karl.